Yadda ake ƙarar gayya a kotun tarayyar Amurka, da abin da za ka yi in takardarta ta iso maka

Ƙanena da ke aiki a Girinsboro can jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suka yi yawa, shi ya turo min hoton wata takarda ta WhatsApp wajen ƙarfe ɗayan dare, ga murya biye da ita muryarshi har rawa take, wai "Yaya don Allah duba min wanga abu, sunan kotu ne a sama kuma ga sunana, ko dai kama ni za su yi?" Na karanta sau biyu na ce mai kwantar da hankalinka ka je ka yi barci, ba kai aka kai ƙara ba, kamfanin da ka yi ma aiki shekarun baya aka kai, kai kuma an lissafa da kai cikin waɗanda ake cewa an ci haƙƙinsu. Washegari na kai zancen fadarmu nan unguwar Zariya, shayi har ya huce ana gardama, wani ya ce ai ƙarya ce ta ƴan damfara, wani ya ce yaya za a yi a sa ka cikin shari'a ba ka je ba, ba ka sa hannu ba, ba ka ma san lauyan ba. To shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin yake tafiya daki-daki tunda kusan kowane gida a Maradi yanzu akwai wani nasu a waje.

Su can suna ce mata kilas akshan, ni kuma ƙarar gayya nake ce mata don ta fi kama da gayyar noma, mutum guda ko biyu su tsaya gaba amma gonar ta kowa ce. Ka ɗauka ɗan kasuwa ya yi shekara yana awo da tiya mai ƙaramin ciki, kowa ya sayi hatsi an rage mai abin da bai wuce na dala ashirin ba, wa zai bar sana'arshi ya je jastis kan dala ashirin? Ba kowa. Amma in ka tara na mutum dubu ɗari ai ya gina gida da shi. Wani alƙalin kotun ɗaukaka ƙara a Shikago, Richard Posner, ya taɓa faɗi a wani hukunci a 2004 cewa mahaukaci ne kaɗai ko mai ra'ayin riƙau zai kai ƙara kan dalar Amurka 30. Saboda irin haka aka yi wannan hanya, a tara ƙananan haƙƙoƙi su zama abu guda mai nauyi. Dokar da ke tafiyar da ita ita ce ƙa'ida ta 23 cikin ƙa'idojin shari'ar farar hula na kotunan tarayya, an yi su tun 1938 amma gyaran 1966 ne ya ba ta kamannin da take da su yau. Faransa da muka gaji tsarin shari'arta ma sai a 2014 ta buɗe irin wannan ƙofa ga masu sayen kaya, kuma ta hannun ƙungiyoyin kare masu saye, shi ya sa abin yake mana baƙo.

Matakin farko mai sauƙi ne. Mutum guda ko kaɗan su samu lauya, aboka kamar yadda muke cewa nan, ya shigar da ƙara da sunansu ya ƙara da cewa a madadin duk wanda abin ya shafa. Galibi ba ka biyan lauya ko sisi a farko, shi yake zuba kuɗinshi, in an ci ya ɗauki kasonshi wanda ya kan kai kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku kuma sai alƙali ya amince, in an faɗi ya yi asara. Ana shiga kotun tarayya in dokar tarayya aka taka, ko kuma ta wata doka da aka yi a 2005 wadda ta ce in mutanen sun kai 100, jimlar kuɗin ta haura dalar Amurka miliyan 5, kuma akwai ko mutum guda da jiharshi ta bambanta da ta kamfanin, to kotun tarayya tana da hurumi. Kamfanoni sun fi son can, su da kansu suke ɗauke dosiye daga kotun jiha su maida shi ta tarayya.

Amma fa rubuta "a madadin kowa" bai sa ta zama ta kowa ba. Har yanzu ƙarar mutum guda ce sai ranar da alƙali ya sa hannu ya ce na yarda wannan taro ne guda, kuma a nan ne duk kokawar take, lauyoyin kamfani nan suke zuba ƙarfinsu gaba ɗaya don sun san in alƙali ya ƙi, magana ta koma ta dala 30 ta mutum guda, in kuma ya yarda ta zama ta miliyoyi, yawanci daga nan sai ka ji an fara zancen sulhu. Kafin a kai ga nan ana yin watanni wani lokaci shekaru ana musayar takardu, a tilasta ma kamfani ya fito da rajistar albashi da saƙonnin imel na manajoji, a zaunar da mutane a yi masu tambayoyi kan rantsuwa, kowane ɓangare ya ɗauko masanin lissafi nashi. Sannan lauyan masu ƙara ya rubuta takardar roƙo yana cewa alƙali ya tabbatar da taron, kuma nauyin hujja a kanshi yake.

Abu na farko cikin takardar shi ne iyakar taron, su waye ciki su waye waje. Dole a faɗe shi yadda za a iya dubawa, misali duk wanda ya yi aiki a ma'aikata kaza daga shekara kaza zuwa kaza ana biyanshi da awa. Wanga wuri ne ya kamata mutanenmu su gane. Kun tuna lokacin da aka yi ta yawo da labarin Facebook za ta raba kuɗi? Gaskiya ne kamfanin Meta ya yarda ya biya dala miliyan 725 a ƙarshen 2022 kan batun bayanan mutane da wani kamfani mai suna Cambridge Analytica ya samu, amma iyakar taron ta ce masu amfani da Facebook da ke zaune a Amurka tsakanin 2007 da 2022. Kai da ka buɗe naka a Mokoyo ko Sabon Gari ba ka ciki ko da kullum kana kai, duk wanda ya turo maka link ya ce ka cike ka biya wani abu ka karɓi rabonka to shi ne zai karɓi naka.

Daga nan sai sharuɗɗa huɗu da dole a cika su duka.

Yawa shi ne na farko kuma ba a cika daɗewa kanshi ba, ana so mutanen su yi yawan da kawo su ɗaya-ɗaya gaban kotu zai yi wuya, dokar ba ta yanke adadi ba amma alƙalai sun saba in an haura 40 ya wadatar, in ƙasa da 20 ne da wuya.

Na biyu shi ne mai kayar da mutane, a samu tambaya guda da ta haɗa kowa. Da jin shi ka ce ai wannan ba komai, duk kamfani guda ya cuce mu, to ba haka kotu take kallo ba. A 2001 wata mata mai suna Betty Dukes da wasu abokan aikinta suka kai Walmart ƙara a San Faransisko kan cewa ana danne mata wajen albashi da ƙarin girma, alƙalin farko ya yarda da taron, mata wajen miliyan ɗaya da rabi a kantuna kusan 3,400, ba a taɓa ganin irinta ba. Shekara goma ana ja har Kotun Ƙoli, a 2011 ta rushe taron, alƙalai biyar da huɗu kan wannan sharaɗi. Alƙali Antonin Scalia da ya rubuta hukuncin abin da ya kafa a kai shi ne tambaya guda ba ta isa ba sai in amsarta guda ce da za ta warware ta kowa a bugu ɗaya, kuma a Walmart kowane manajan kanti shi ke yanke shawarar albashi da ƙarin girma yadda ya ga dama, saboda haka in ka tambaya mi ya sa aka hana wance, amsar kantin nan daban da ta wancan. Lura fa kotu ba ta ce ba a cuci matan ba, cewa ta yi ba za a iya yanke ta su duka a zama guda ba. In na kawo maka shi gida, a ce kamfani ya sayar da buhunan taki dubu hamsin daga injin guda kuma an rubuta kilo 50 alhali 46 ne ciki, a auna a duba injin an gama, amsa guda ta ishi manomin Tibiri da na Madarunfa. Amma a ce dillalai ɗari ne kowa da irin ƙaryar da ya yi ma mai saye da baki a kasuwa daban-daban, to sai an kira kowane manomi an ji mi aka ce mai, wannan ba gayya ba ce kuma. Don haka lauya mai wayo abin da yake nema cikin takardun kamfani shi ne doka guda rubutacciya ko tsari guda na kwamfuta ko kwantaragi iri ɗaya da kowa ya sa ma hannu, wanda ya sauko daga sama ya hau kan kowa.

Na uku da na huɗu kan wanda ya tsaya gaba ne. Abin da ya same shi ya zama irin na sauran, kuma ya zama wanda zai riƙe amana, shi da lauyoyinshi, babu wani buri nashi da ya ci karo da na jama'a. A shari'ar kamfanin Amchem ta 1997 kan ƙurar asbestos mai lalata huhu Kotun Ƙoli ta ƙi taron duk da an riga an yi sulhu, dalili kuwa an cusa waɗanda ciwo ya riga ya kama da waɗanda suka shaƙa amma bai bayyana ba tukuna cikin buhu guda, na farko so suke a biya yanzu da yawa, na biyu so suke a ajiye kuɗi don gaba, mutum guda ba zai yi ma su biyu wakilci ba. Kuma in kai ne za ka tsaya gaba ka shirya, lauyoyin kamfani za su tone ka tas, tsohon bashi, rigimar da ka taɓa yi wurin aiki, har abin da ka rubuta a Facebook.

An cika huɗun nan ba a gama ba, sai ka faɗi wane irin taro kake so. In so kake kotu ta hana kamfani wani hali kawai akwai layinshi daban mai ɗan sauƙi. In kuɗi kuke nema, wanda shi ne mafi yawa, sai ka ƙara nuna abu biyu, cewa tambayoyin da suka haɗa ku sun rinjayi waɗanda suka raba ku, da cewa gayyar ta fi kowace hanya dacewa. A nan masana lissafi suke cin abincinsu. A 2013 masu biyan kuɗin talabijin na Comcast a yankin Filadelfiya, mutum fiye da miliyan 2, sun rasa taronsu don lissafin asarar da masaninsu ya yi ya haɗa zarge-zarge huɗu alhali guda kaɗai alƙali ya bari a ci gaba da shi, lissafin bai dace da zargin ba kenan. A 2016 kuma ma'aikatan mayankar Tyson Foods a jihar Ayowa sun ci tasu, suna neman kuɗin mintocin da suke ɓatawa wajen sa kayan kariya da cire su, kamfanin bai rubuta mintocin ba sai masanin ma'aikatan ya ɗauki bidiyo ya fidda matsakaici, kotu ta ce tunda kai kamfani ba ka ajiye rajista ba to a yi aiki da wannan, diyyar dala miliyan 2.9 ta tsaya.

Akwai wata da nake so masu suna irin namu su sani. Kamfanin TransUnion mai tara bayanan bashin mutane ya kasance yana gwada suna da jerin ƴan ta'adda da masu safarar ƙwaya na ma'aikatar kuɗin Amurka, sunan farko da na ƙarshe kawai, ba ranar haihuwa ba komai. Wani Sergio Ramirez ya je sayen mota a Kalifoniya a 2011 aka ce ba za a sayar mai ba sunanshi na cikin jerin. Ka yi tunanin Muhammad nawa Ibrahim nawa Abubakar nawa irin wannan awo zai kama. An tara mutum 8,185 an ci shari'a, amma a 2021 Kotun Ƙoli ta ce 1,853 ne kaɗai aka tura ma wani bayaninsu na ƙarya, sauran yana nan kwance cikin kwamfuta ba wanda ya gani, saboda haka ba su da haƙƙin diyya kan wannan zargi a kotun tarayya. Ni dai a raina wannan hukunci bai kwanta min ba, mutum an rubuta shi ɗan ta'adda a ce sai ya jira an kunyata shi tukuna, amma dokar kenan yanzu, duk wanda zai karɓi kuɗi cikin taron sai an nuna cutar ta taɓa shi da gaske.

Kafin ma duk wannan ka duba kwantaragin da ka sa ma hannu ko ka danna "na yarda" a salula ba ka karanta ba. Kamfanoni da yawa sun sa layin da ke cewa in rigima ta taso ba kotu ba gayya, sai gaban mai sasantawa kai kaɗai. Wasu mata da miji masu suna Concepcion sun kai kamfanin waya AT&T ƙara kan dala 30 da ƴan kai na haraji a kan wayar da aka ce kyauta ce, a 2011 Kotun Ƙoli ta ce layin nan yana aiki, a 2018 ta ƙara cewa yana aiki har a kwantaragin ɗaukar ma'aikata. Ƙararraki da yawa a nan suke mutuwa tun ba a kai ga ƙa'ida ta 23 ba.

To alƙali ya yanke. Wanda bai ji daɗi ba yana da kwana 14 kacal ya roƙi kotun ɗaukaka ƙara ta duba, ita kuma tana iya ƙin saurare ba tare da dogon bayani ba. In an ƙi taron kowa na iya shigar da tashi shi kaɗai, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar American Pipe a 1974 lokacin da aka ɓata ana jiran alƙali ba a lissafa shi cikin wa'adin kai ƙara. In an yarda alƙali zai naɗa lauyoyin taron a hukumance, sannan a aika ma duk wanda za a iya gano adireshinshi sanarwa ta gidan waya ko imel, kuɗin aikawar ma a farko masu ƙara ne ke biya. Yana kuma iya sake shawara daga baya ya rage taron ko ya rushe shi kafin hukuncin ƙarshe.

Wani a fada ya tambaye ni to mu nan in kamfanin Amurka ya cuce mu a ƙasarmu fa, za mu iya? Ƙofar ta ƙuntace ƙwarai. Akwai tsohuwar doka ta 1789 da baƙi suke bi, da ita iyalan yaran Kano suka kai Pfizer ƙara a Niyok a 2001 kan gwajin maganin Trovan lokacin sanƙarau na 1996, kotun ɗaukaka ƙara ta ba su hanya a 2009 daga baya aka sasanta. Amma a 2013 cikin ƙarar ƴan Ogoni da Shell Kotun Ƙoli ta ce abin da ya faru a wata ƙasa ba ya shiga sai ya shafi Amurka sosai, a 2021 kuma ƴan Mali shida da suka ce an bautar da su suna yara a gonakin koko na Kodebuwa suka faɗi a ƙararsu da Nestlé da Cargill kan wannan dalili.

Yanzu in takarda irin ta ƙanena ta zo maka ko ta zo ma ɗanka da ke can, ga yadda za ka bi ta. Fara duba sunan kotu da lambar shari'a, ka nemi shafin kotun da kanka kar ka danna abin da aka turo, kuma sanarwar gaskiya ba ta taɓa cewa ka biya kuɗi kafin ka shiga. Sai ka karanta iyakar taron ka ga ko shekarunka sun faɗa ciki. Sannan ka nemi ranakun ƙarshe, yawanci uku ne, ta cika fom ɗin karɓar kuɗi, ta cire kanka, da ta kai ƙorafi in kana ganin sulhun bai yi ba ko lauyoyi sun ɗiba da yawa, don alƙali sai ya yi zama ya ji ƙorafi kafin ya amince da kowane sulhu. Abin da mutane ba su ganewa shi ne a ƙarƙashin ƙa'ida ta 23 yin shiru shiga ne, in ba ka rubuta ka ce a cire ni ba hukuncin ya hau kanka ko an ci ko an faɗi, ba ka da damar sake kai ƙara kan wannan magana, kuma sau da yawa in ba ka cika fom ba ga haƙƙi ya tafi ga kuɗi ba ka gani ba. In asararka ƴar kaɗan ce zauna ciki ka karɓi abin da ya samu, in babba ce kamar rauni a jiki ko albashin shekaru to ka ga lauya naka kafin ranar ta wuce, wata ƙila fita ta fi maka.

Sai dai akwai inda abin yake juyewa, kuma nan ne na ƙanena ya faɗa. Ƙarar kuɗin ƙarin awoyi a ƙarƙashin dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938, wadda ta ce in ka wuce awa 40 a sati a biya ka ɗaya da rabi, ita sai ka sa hannu a rubuce ka ce ina ciki, in ka yi shiru kana waje kuma wa'adinka yana ta tafiya, shekara 2 ne ko 3 in da gangan kamfanin ya yi. Sau da yawa lauyoyi suna haɗa biyun a dosiye guda, ta dokar jiha mai shiru-shiga-ne da ta dokar tarayya mai sai-ka-sa-hannu, shi ya sa takardar tashi ta zo da shafi na ƙarshe mai wurin sa hannu wanda bai ma ɗauko min hotonshi ba da farko don ya ɗauka talla ce. Na ce ya tattaro tsoffin takardun albashinshi da hotunan jadawalin aiki da ke cikin tsohuwar wayarshi, ya sa hannu ya ɗauki hoton fom ɗin kafin ya aika ya kuma riƙe resin gidan waya, in ya canza gida ya sanar da su sabon adireshi don cek ɗin can za a tura. Ya aika saura kwana tara wa'adi ya cika. Hajiya kuma tun da ta ji labari kullum sai ta tambaye ni ko kuɗin yaron sun fito, na ce mata Hajiya ko alƙali bai zauna kan maganar taron jihar ba tukuna, ta sa ran shekara biyu ko uku.